Kilo Goma Sha Shida

Shekara ashirin ina awo a Farin Gada,
dankali, karas, kabeji da raɓa a kunnensa.
Hannuna na sanin kilo tun allura ba ta tsaya ba.
Ba a taɓa kama ni da tauye awo ba,
sai a kan 'yata.

Daren Talata, ruwan Agusta na jifan kwano,
jikin Nusaiba kamar tukunyar da aka sauke yanzu,
haƙora na kaɗawa cikin bargo biyu.
Na tuna ragowar maganin yayanta a saman kabad,
ƙwaya uku a takarda mai ƙyalli.
Na ɓallo guda, na tsaga ta da farce,
na ce yarinya ce, rabi ya wadatar.

Da asuba zazzaɓin ya lafa,
lafawar ɓarawon da ya ji tarin mai gida
ya maƙale bayan ƙyaure.
Ran Juma'a ya fito da gayyarsa.

A ƙaramin asibitin Nasarawa Gwom
Sista Kangyang ba ta yi mini faɗa ba.
Ta tsire ɗan yatsa, ɗigon jini ɗaya,
muka zuba wa tsinken gwaji ido
har layi biyu suka bayyana.
Ta ce, cire mata takalmi, ɗora ta nan.

Sikeli ne, ɗan'uwan nawa,
sai dai shi fari, ba ƙasar dankali a bakinsa.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa,
ta tsaya a sha shida.

Na ce, ai shekararta huɗu,
sa'arta ɗan maƙwabcina ƙwaya ɗai-ɗai aka ba shi.
Ta ce, shi da nasa nauyin, ita da nata.
Shekara ba ta haɗiyar magani, Malam, jiki ke haɗiya.
Mece ce sana'arka?
Na faɗa mata.
Ta ce, in na biya kuɗin kilo biyu ka auna mini rabi,
me za a kira ka a kasuwa?

Na duƙar da kai ina kallon takalmin a hannuna.

Ta ce, rabin magani ba ya kashe cuta,
koya mata kokawa yake.
Ka sari maciji, ba ka sare kai ba.
In ka zarce kuma, gishiri ya ɓata miya.
Ta zana rana, ta zana wata a bayan ambulan,
biyu yanzu, biyu bayan awa takwas,
sannan safe da dare, har kwana uku su cika.
A haɗa da madara ko kunun gyaɗa,
da maiƙo yake samun hanya.
In ta amayar nan take, ka dawo, kada ka yi kintace.

Kwana na biyu Nusaiba ta sauko tsakar gida
tana neman awara, tana jan wutsiyar kyanwa.
Inna Dije ta ce, to ai ta miƙe,
a adana sauran, damina da saura,
kuɗi ba a ƙasa ake tsintar su ba.
Gaskiya ta faɗa game da kuɗin.
Na juya takardar a tafina, na daɗe.
Haka muka ce a kan yayanta,
shi ya sa ƙwaya uku suka kwana a saman kabad.

Na dama kunun da kaina.

Daren ƙarshe na ɗaga takardar ga fitila,
rami goma sha biyu, kowanne wayam,
haske na ratsa su.
Ban taɓa murnar ganin kaya sun ƙare ba riba ba
sai ran nan.

Yanzu a rumfa, in na zuba dankali a faranti,
masu saye na cewa, Malam Sale, ka cika jinkiri.
Allura nake jira ta gama rawarta.